Hutun Yoga da Jirgin Filafili a Tsibirin Lamu

A gaɓar Tekun Indiya, wajen mil 150 arewa maso gabas da Mombasa ta ƙasar Kenya, akwai waɗansu tsibirai da ke kusa da juna. Manyansu uku ne, Lamu da Manda da Pate. Jirgin sama ba ya sauka a Lamu, sai dai a Manda. Daga nan baƙo ya kan ɗauki kayansa ya gangara bakin ruwa, ya shiga kwalekwale a ƙetare da shi. Abin da zai fara hangowa shi ne jerin fararen benaye a bakin teku, da jakuna suna ta kai da kawowa, da jiragen katako birjik a kan ruwa.

Cikin baƙin da ke sauka a wurin akwai waɗansu masu wata alama: kowannensu yana tafe da 'yar tabarmar roba a naɗe a hammata. Wanda bai sani ba sai ya zaci masallata ne. Amma ba salla ta kawo su ba. Hutu suka saya na kwana biyar ko bakwai, an haɗa musu abu uku a kuɗi ɗaya: da safe su yi yoga, da rana su shiga jirgin filafili su zaga tsibiran, sa'an nan a bi da su cikin tsohon gari da kufai a ba su labarin mutanen da. Abubuwan nan uku ba tare aka haife su ba, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka fara dominsa don a huta.

Yoga dai daga Indiya ta fito. Kalmar ta Sanskirit ce, watau tsohon harshen malaman ƙasar, tushenta kuwa yana nufin ɗaure dabba a karkiya, kamar yadda a ke haɗa shanun noma. Abin da a ke so a ɗaure zuciya ce, don kada ta yi ta yawo. Wani malami mai suna Patanjali ya tattara ka'idodinta cikin gajerun jumloli kusan 200, yau fiye da shekara 1,500 ke nan, ya kasa hanyar kashi 8. Kashi na farko da na biyu duk gyaran hali ne, kamar barin cuta da ƙarya da sata, da riƙon tsarki da wadar zuci. Sai a na uku a ke zancen zama, a na huɗu a yi zancen numfashi. Cikin jumlolin nan duka, 3 kaɗai ne suka taɓo yadda mutum zai ajiye jikinsa. Malaman Musulmi sun san littafin tun da daɗewa, gama al-Biruni ya juya shi da Larabci wajen shekara 1,000 da suka wuce.

Daga baya waɗansu littattafai suka ƙara yawan zama da tsayuwa iri iri. Amma miƙe-miƙe da lanƙwashe-lanƙwashen da a ke yi a jere yau, a tashi daga wannan a faɗa wancan har gumi ya keto, yawancinsu a ƙarni na 20 suka bunƙasa. A 1893 Swami Vivekananda ya yi jawabi a wani taron addinai a Shikago, mutanen Amurka suka fara sha'awar hikimar Indiya, ko da ya ke shi bai damu da lanƙwasa jiki ba. Wanda ya damu da ita shi ne Krishnamacharya, wanda ya koyar a fadar Sarkin Maisur daga wajen 1930. Almajiransa ne suka watsa abin a duniya. Wata daga cikinsu, Indra Devi, ta buɗe makaranta a Hollywood kafin 1950, 'yan wasan fim suka yi ta zuwa. Wani kuma, B. K. S. Iyengar, ya buga littafi a 1966 mai hotuna wajen 600. A Disamba 1914 babu wanda zai yi mafarkin haka, amma a Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya. A wannan shekara ta 2014 ce kuma aka fara wani bikin yoga a Lamu.

In za a nema wa irin wannan hutu suna da Hausa, halwa ce ta fi kusa da shi, tun da ya ke mutum barin gida da aiki ya ke yi ya keɓe don ya natsu. Sai dai mai shiga halwa ɗaki ya ke nema mai duhu, ya rage ci, ya rage magana. Shi kuwa wannan biya ya ke yi a kai shi inda ya fi ko'ina kyaun gani, a dafa masa kifi da shinkafa da kwakwa.

To, me ya sa Lamu? Masu tallan hutun su kan ce saboda shiru ne, da rashin motoci, da tsufan garin. Gaskiya ne, lungunan garin ba su da faɗin da mota za ta bi, waɗansu ma jaki biyu da kaya ba su iya gilmawa. Amma shirun nan yana da dalili, dalilin kuwa ba mai daɗi ba ne.

Garin Lamu yana nan tun ƙarni na 14, arzikinsa kuwa iska ce ta kawo shi. Daga wajen Disamba zuwa Maris iska ta kan taso daga arewa maso gabas, Sawahilawa na ce mata kaskazi. Ita ce ta kan turo jiragen Larabawa da na Farisa da na Indiya zuwa gaɓar Afirka, ɗauke da dabino da tufafi da tangaran. Daga Afrilu sai ta juya ta riƙa busowa daga kudu, a ce mata kusi, ta mai da su gida da hauren giwa da hatsi da itace da bayi. Fatake ba su da ikon komawa sai iska ta juya, saboda haka su kan yi watanni a garin, su yi ciniki, su yi aure. Wajen 1812 mutanen Lamu suka ci rundunar Pate da Mombasa da yaƙi a bakin rairayin Shela, daga nan garin ya shiga zamanin da ya fi kowane ƙarfi. An fara ginin babbar ganuwarsa a 1813, aka gama a 1821. Attajirai suka gina benaye da dutsen murjani da farar ƙasa, suka sa musu ƙyamaren katako masu sassaƙa. Gonakinsu suna hayi, a babbar ƙasa, bayi ne ke noma su.

Sa'an nan abubuwa suka juya. Turawan Ingila suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa a 1896, ta kai bakin Tafkin Biktoriya a 1901, ciniki duk ya koma can. Manyan jiragen ruwa masu tafiya da wuta ba ruwansu da kaskazi ko kusi. A 1907 aka hana bauta a gaɓar tekun, gonakin suka koma daji. Lamu ta talauce. Wanda ba shi da kuɗi kuwa ba ya rushe gidan kakansa ya gina sabo, sai dai ya yi ta liƙe-liƙe. Haka garin ya tsaya yadda ya ke, har a 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya, a kan shi ne tsohon garin Sawahilawa da ya fi kowane zama da kamanninsa. Watau abin da talauci ya adana, shi ne yau baƙi ke biyan kuɗi su gani.

Gidajen sun cancanci a tsaya a kansu. A ƙofar gida akwai wani ɗan shirayi da a ke kira daka, da dakali hagu da dama, nan maigida ke ganawa da baƙi maza, kamar aikin da zaure ke yi a ƙasar Hausa. Ɗakunan ciki dogaye ne amma ba su da faɗi, dalili kuwa shi ne rufin. Akwai wani itace da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin tsibiran, ana ce masa mkoko, gara ba ta cika cinsa ba. Da sandunansa a ke rufi, kamar azara, ana kiransu boriti. Iyakar tsawon sanda, iyakar faɗin ɗaki. Sandunan nan su ne kaya na ƙarshe da manyan jiragen Lamu suka yi ta kaiwa ƙasashen Larabawa, inda itacen gini ya yi ƙaranci, har gwamnatin Kenya ta hana fita da su a 1982 don kada dajin ya ƙare. Hanin ya taimaki daji, amma ya kashe doguwar tafiyar jiragen.

Jiragen nan iri iri ne. Babba na ɗaukar kaya sunansa jahazi, wanda bai kai shi ba mashua, shugaban jirgi kuwa nahodha. A ƙauyen Matondoni, yamma da garin Lamu, an san mutane da sassaƙa su. Gwanin ba ya zana kome a takarda. Da ido da igiya da gizago ya ke aiki, ya duba itace ya san inda lanƙwasarsa za ta zauna a haƙarƙarin jirgi. In an jera katakai sai a cusa auduga a tsakaninsu, a shafe da man kifi don kada ruwa ya shiga. A goshin jirgi a kan kafa wani ɗan faifan katako mai zanen wata da tauraro, a ce idon jirgi ne. Filafilin guda ɗaya ne, mai kusurwa uku, a ɗaure jikin wata doguwar sanda da ke rataye a jigo. Yana kama iska ƙwarai, amma juya shi aiki ne. In za a sāke fuska sai an kewayo da sandar nan duka ta gaban jigo, mutum uku ko huɗu suna ja suna ihu, jirgi ya karkata har ruwa ya kusa taɓa baki.

Yau mai sauri ba ya shiga irin wannan jirgi. Akwai kwalekwalen roba masu inji da ke kai mutane Manda cikin 'yan mintoci. Waɗansu jiragen katako har yanzu suna ɗauko dutsen gini daga Manda, waɗansu suna kamun kifi, amma da yawa cikin waɗanda suka fi kyau baƙi su ke ɗauka. An shimfiɗa musu katifu da matasan kai, an yi rumfa, har an shigo da wani fasali mai faɗin ciki da a ke dangantawa da Mozambik, don ya fi daɗin zama. Yawancinsu akwai inji a maƙale a baya. Abin dariya, nahodha ya yi shekaru yana tara kuɗin injin nan, ga shi baƙo na roƙonsa ya kashe shi don a ji ƙarar ruwa.

Ranar hutun ta kan fara tun da duhu. Lamu tana dab da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana ta kan fito wajen ƙarfe 6 duk shekara. Ladan ya riga ya yi kiran asuba kafin baƙi su hau kan soro, ko su fita rairayin Shela, wanda tsawonsa ya kai wajen mil 7. Su shimfiɗa tabarmi, malama ta tsaya a gaba tana faɗa suna bi, awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Bayan karin kumallo sai jirgi. A cikin jirgi ba a iya tsayuwa da ƙafa ɗaya, kome gwanintar mutum, sai dai a zauna a yi aikin numfashi. In an sami tsibirin yashi da teku ta janye ta bari, a nan a kan jefa anga a sauka a ƙarasa. Matuƙan su gasa kifi a kan gawayi a ƙarshen jirgi. Masu doguwar tafiya su kan nufi arewa har Kiwayu, su kwana biyu ko uku suna barci a kan jirgi.

A nan ne a kan sami saɓani na farko, kuma a kan lokaci ne. Sawahilawa daga fitowar rana su ke fara ƙidayar awa. Abin da Bature ke kira ƙarfe 7 na safe, su ƙarfe 1 su ke ce masa. Baƙo da yawa ya tsaya a bakin ruwa yana huci, shi da nahodha kowa yana da gaskiya. Bayan wannan kuma akwai agogon da ya fi na kowa iko, watau cikar teku da janyewarta. Takardar shirin hutu tana iya cewa ran Laraba da ƙarfe 10 za a tafi Takwa, amma hanyar Takwa wani siririn rafi ne cikin dajin mkoko, ba ya biyuwa sai teku ta cika. In aka makara, jirgi ya zauna a taɓo, sai a jira awa shida. Malamar yoga ta yi kwana uku tana koya wa mutane haƙuri da baki. Rafin Takwa ya kan koya musu shi da yini ɗaya, da sauro a kai.

Takwa kufai ne a tsibirin Manda. An kafa garin wajen 1500, ya yi kamar shekara 200, sa'an nan mutanensa suka tashi. Abin da aka fi ɗauka shi ne rijiyoyinsu ne suka koma gishiri. James Kirkman ya yi tono a wurin a 1951. Har yanzu ana ganin bangon garin, da babban masallaci mai wani dogon ginshiƙi a bisa alƙibla, da zanen jiragen ruwa da wani ya karta a jikin bango. Mutanen Shela suna cewa daga can kakanninsu suka zo, su kan kuma koma su yi addu'ar roƙon ruwa. A tsibirin Pate akwai kufan Shanga da ya fi wannan tsufa nesa. Mark Horton ya fara tono a can a 1980, ya tarar da alamun wani ɗan masallacin itace na wajen ƙarshen ƙarni na 8, yana cikin mafi tsufa da aka sani a gabashin Afirka.

Labarin rijiyoyin Takwa bai kamata baƙo ya ji shi kamar tatsuniya ba. Ruwan da Lamu ke sha daga ƙarƙashin tuddan yashin Shela ya ke fitowa, inda ruwan sama ke taruwa yana yawo a bisa ruwan gishiri. In aka zuƙe shi fiye da kima, ko aka yi gini a kan tuddan, gishiri ne zai hau. Gidan baƙi mai kwamin wanka da lambun furanni kuwa ba shansa ɗaya da gidan masunci ba. Haka kuma zancen gidaje. Tun wajen 1970 Turawa da attajiran Nairobi suka fara sayen tsofaffin gidaje a Shela da Lamu suna gyarawa. Sun ceci gine-gine da yawa da suka kusa zubewa, masu sassaƙa ƙyamare da masu ado da farar ƙasa suka sami aiki bayan sana'arsu ta kusa mutuwa. Amma kuɗin gida ya tashi har ya fi ƙarfin ɗan gari. Wanda ya sayar da gidan gado ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba, jikansa kuwa wataƙila shi ne mai share soron da a ke yoga a kai.

Saura zancen addini. Lamu garin Musulmi ne, masallatanta sun fi 20. Mafi shahara shi ne Riyadha, wanda Habib Swaleh, wani sharifi daga tsibiran Komoro, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19. An san shi da jawo bayi da talakawa masu hawan kwakwa a jiki, a lokacin da manyan gari ke ƙyamarsu. Maulidin da ya kafa yana tara jama'a daga ƙasashe da yawa, ana karatu da yabon Annabi, ana tseren jakuna da na jirage. A irin wannan gari, mace ta ratsa kasuwa da matsattsun kayan yoga ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa a kan gargaɗi baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa in sun bar bakin rairayi.

Ita yoga kanta malamai sun yi magana a kanta a wurare dabam dabam. A Nuwamba 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yinta, saboda abubuwan addinin Hindu da ke ciki. A Janairu 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe: in da karance-karancen ibada an hana, in motsa jiki ne kawai babu laifi. A 2017 Saudiyya ta yarda da ita a cikin wasannin motsa jiki. Inda gizo ke saƙa wuri biyu ne. Ɗaya shi ne wata kalma da a ke ja da murya a farkon darasi da ƙarshensa, wadda ta ke mai tsarki ce ga Hindu. Ɗaya kuma jerin motsin da a ke kira gaisuwar rana, wanda a kan yi shi da sunkuyo da kai goshi kusa da ƙasa, sau da yawa daidai lokacin da rana ke ɓullowa, lokacin da aka hana Musulmi yin salla. Masu koyarwa da yawa su kan ce su motsa jiki kaɗai su ke nufi. A Indiya kuma akwai masu jin haushin wannan magana, suna cewa an ɗauki ɓawo an yar da ƙwaya. Matuƙin jirgi dai ya kan yi sallarsa a ƙarshen jirgi, baƙi na nasu a kan yashi, in an gama a ci kifi tare.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, mutanen Lamu kuwa sun ga haka da idonsu. A Satumba 2011 'yan bindiga daga Somaliya suka kashe wani Bature a wani masauki kusa da Kiwayu, suka sace matarsa. A farkon Oktoba aka sace wata Bafaransa a Manda. A Yuni 2014 aka kai hari Mpeketoni, a hayi, aka kashe mutum wajen 60, gwamnati ta hana fitar dare, ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu. Masaukai suka rufe, jirage suka yi ta lilo a kan anga babu mai shiga. Da abin ya lafa baƙi suka komo, sai annobar 2020 ta sāke korarsu. Ta wani gefen kuma ga sabuwar tashar manyan jiragen ruwa da aka gina a mashigin Manda, wadda Shugaba Uhuru Kenyatta ya buɗe sashenta na farko a Mayu 2021. Tun a 2018 kotu ta ce a biya masunta 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76 saboda wuraren kamun kifin da aikin ya ɓata. Masuncin da ya rasa wurin kamu, in yana da jirgi, abin da ya rage masa shi ne ya sa masa katifu.

Akwai kuma masu neman wata hanya. Wani gwanin sassaƙa na Lamu, Ali Skanda, da abokan aikinsa sun ƙera jirgin filafili da tarkacen roba da aka tsinto a bakin teku aka narke, suka lulluɓe shi da tsofaffin silifa wajen 30,000, suka sa masa suna Flipflopi. A farkon 2019 ya tashi daga Lamu ya kai Zanzibar.

In Afrilu ta yi, kusi ta kan taso da ƙarfi, ruwan sama ya sauko, teku ta yi fushi. Masu tabarmin roba su kan ɗauke ƙafa, masaukai da yawa su rufe sai wajen Yuli. A lokacin ne a kan jawo jirage kan yashi a tokare su da itace, a kankare gansakuka, a cire ruɓaɓɓen katako a sa sabo, a cusa auduga, a shafa man kifi, warinsa ya cika bakin ruwa. Kuɗin aikin daga abin da aka samu a kaskazi ya ke fitowa. Shekarar da baƙi suka yi yawa a kan ji ƙarar gizago a Matondoni har magariba. Shekarar da ba su zo ba, a kan bar jirgin a kan yashi sai wata shekara.